Awon Hannun Cima

Da murfin tukunya ta fara,
da lemun tsami ɗanye,
tana dukan bangon zaure
har uwarta ta rasa abin rufe miya.
Wai ta leƙa gidan matasa
ta ga manya na korar farin ƙwai bisa tebur,
ƙwan da ba ya fashewa.
Shekararta shida. Haƙoran gaba biyu sun yi tafiya.

Ran Alhamis na ja ta Kasuwar Dole,
jaka goma a aljihu, da girman kai irin na uba.
A rumfar Ma'azu, bayan masu takalman ƙwallo,
ga raket nan rataye kamar ludaya.
Na nuna wadda ta fi sheƙi,
ja wur, soso mai kauri kamar katifa,
cikin leda mai rubutun Sin.
Jaka takwas. Na ce a sauko da ita.

Tsoho Kyari mai gyaran rediyo, a rumfar gefe,
ya aje ƙarfen dalma bai ko dube ni ba.
"Kai za ka buga, ko ita?"
Ya ce ta miƙo hannu.
Ya auna tafinta da yatsu uku,
ya ɗora mata tsadaddiyar,
sai wuyan hannun ya sunkuya
kamar zangarniyar gero da ta sha ruwa.

"Kayan raƙumi ka zo ɗora wa ɗan akuya.
Wannan tana tofar da ƙwallo
tun yaro bai ji zuwansa ba.
Nemo mata marar nauyi, mai gajeren mariƙi,
siririn soso, roba mai ɗan riƙo,
wadda ƙwallo zai yi sallama a kanta
kafin ya koma."

Ma'azu ya tono wata daga ƙasan kwali,
fentinta ya kwanta, ba ta da leda.
Jaka biyu da rabi.
Na ji kunya, ban san ta me ba.

Cima ta ɗauka da hagu.
Bakina ya buɗe zai gyara ta,
kamar yadda nake yi a bakin akushi.
Tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya:
"Tuwo da dama. Wannan kuwa bar mata.
Ni bahago ne ya kore ni daga tebur
shekara talatin da suka wuce,
har yau ban gane ta inda ƙwallonsa ke fitowa ba."

Ƙwallaye, ya ce, kar in nemi masu taurari uku.
In sayi masu araha, cike da leda,
don za ta taka, za ta zauna a kai,
kwata za ta ci rabonta.
Wanda ya lotsa a jefa a ruwan zafi,
zai kumburo ya dawo hayyacinsa.
Tebur fa? Ya yi dariya har da tari.
"Ba ka da tsohon ƙyaure?"

Ina da shi.
Yanzu yana kwance kan bulo shida a tsakar gida,
daidai cibiyarta, ba tawa ba.
Raga kuwa yankin gidan sauro ne
da uwarta ta ɗinke wa baki.
Canjin da ya rage na mayar aljihu,
girman kan na baro shi a kasuwa.

Jiya da la'asar, rana na sauka bayan duwatsun Birni,
muka mayar wa juna sau bakwai ba faɗuwa.
Na takwas ya zo ta gefen da ban zata ba,
ya wuce ƙarƙashin hammatata,
ya shige bayan randa.
Ta tsaya, raket a hagu, wawulo a waje,
ta ce, "Baba, je ka ɗauko."